Doolan da Lamba ta Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunne ba ya ƙoshi.

A birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya, a unguwarmu ta Merrinvale da ke yammacin kogi, an yi wani mutum mai suna Clarrie Doolan. Shekara ashirin da biyu ya yi yana dillancin tsofaffin motoci a bakin titi, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ka ji labarin ranar da ya sayar wa mai koyar da tuƙi motar da ba ta yin baya. Bakin nan nasa shi ya kai shi ofishin Jiminu, ƙungiyarmu ta ƙwallon Ostareliya wanda ake bugawa da ƙafa ake cafkewa da hannu, aka ɗora shi a kujerar mai saye da musayar 'yan wasa. Kada ku ga laifin waɗanda suka ɗora shi. Shekara talatin da takwas rabon Jiminu da kofin gasa, kuma wanda ya daɗe da yunwa, ko ƙarar murfin tukunya ya ji sai ya wanke hannu.

To, kun san yadda ake yi in kakar wasa ta ƙare. Ana jera ƙungiyoyi a layi, kowace da lambarta, su zaɓi samari 'yan shekara goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta zo ta kashin baya a gasa ita ke da lamba ta ɗaya, zakara kuwa tana can wutsiya, in an zagaya a sake zagayowa. An kuma yarda ƙungiya ta yi musayar lambobinta da wata. Ka ba da na baya biyu ko uku, a ba ka ta gaba guda ɗaya, ka matsa kusa da bakin tukunya.

A shekarar da Doolan ya hau kujera, Jiminu na riƙe da lambobi huɗu masu kyau: sha biyu, sha tara, ashirin da uku, da talatin. Ba daga sama suka faɗo ba. Tsoho Stavros Manolis ne ya tara su, mai farauto mana 'yan wasa, wanda kowa ke ce wa Stav. Shekara talatin ya yi yana tsayuwa cikin ruwan sama a filayen ƙauye da fulas ɗin kofi a hammata, kuma shekara uku ya ɗauka yana lallaɓa lambobin nan kamar mai kiwon kaji. Har ya ware samari huɗu a ransa, kowace lamba da nata.

Doolan kuwa yaro ɗaya ya gani. A wasan ƙarshe na matasa ne, wanda ya cinye yawancinsa a layin sayen gurasar nama. Ya dawo da miyar tumatir a haɓa daidai lokacin da wani dogon yaro, Tate Hollick, ya taka kafaɗar abokin karawarsa, ya tashi sama, ya cafke ƙwallo a iska. Shi ke nan. Bai ga gudun yaron ba, bai ga bugunsa ba, amma kafin ya isa inda ya ajiye mota ya riga ya hango kofi a kan teburinsa.

A walimar ƙarshen shekara ta magoya baya, mutum ɗari huɗu a zaune, Doolan ya zare makirufo daga hannun mai gabatarwa. Ya ce ya gano yaron da ake haifa sau ɗaya a shekara hamsin, kuma kafin watan Nuwamba ya fita Tate Hollick zai saka rigar Jiminu. Aka yi tafi har kofuna na rawa a kan tebura. Stav na ta jan gefen kwat ɗinsa.

"Clarrie, ɗan gado ne fa," in ji shi bayan Doolan ya zauna. "Ubansa Ray Hollick wasa ɗari da sittin ya buga wa Kadoji."

Kadoji su ne maƙwabtanmu na ƙetaren kogi, waɗanda ko inuwa ba ma son haɗawa da su. Dokar gado kuwa tsohuwar al'ada ce a ƙwallonmu. Wanda ya buga wa ƙungiya wasa ɗari, ƙungiyar ce ke da haƙƙin farko a kan ɗansa. Kowa na iya kiran sunan yaron ranar zaɓe, amma in ƙungiyar ubansa ta tara lambobin baya waɗanda nauyinsu ya kai na lambar da aka kira shi da ita, sai ta zube su ta ɗauke abinta.

Doolan ya yi dariya har da dukan tebur. Ya ce ai nan dabarar take. Kadoji sun yi facaka da lambobinsu bara, biyu kawai suka rage musu, ramammu. In aka kira yaron da sha biyu, wataƙila su ƙoƙarta su fanshe shi. In kuwa aka kira shi daga sahun gaba, sai dai su bi shi da kallo. Stav ya ce in ma dole sai yaron, a zauna a sha biyu a kama baki, don babu wanda ke gabanmu da ke kallon ɗan da kowa ya san yana da gida. Doolan ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa baba, kai farauta ka iya, ciniki kuwa a bar wa masu shi.

Shugabar ƙungiya, Madam Dulcie Farrugia mai gidan burodi, tana gefensa tana yanka nama a faranti. Mace ce da ba a jin dariyarta sai ranar da Kadoji suka sha kashi. Ta tambaye shi, in kuma yaron bai zo ba fa? Doolan, da giya biyu a ciki da idon jama'a a kansa, ya ce in Tate Hollick bai saka rigar Jiminu ba, a ranar zai ajiye mata makullin ofis da na motar ƙungiya.

"Na ji," in ji Madam, ta ci gaba da yanka namanta. Kashegari ta tashi zuwa ƙasar Malta dubo yayarta da ba ta da lafiya, ta bar masa wuƙa da nama.

Da aka buɗe makon musaya, Doolan ya gayyaci wakilin ƙungiyar da ke riƙe da lamba ta takwas shan kofi. Mai Takwas mutum ne mai sauƙin kai, ya zo da niyyar karɓar sha biyu da talatin ya yi godiya. Sai dai kafin ya buɗe baki cikinsa ya murɗa, ya nemi afuwa ya shige bayi da wayarsa a hannu. Doolan ya bi wayar da ido. Shi tsohon dillali ne, ya san abin da ake nufi in mai kaya ya keɓe da waya: akwai wani mai tayi. Mai Takwas na fitowa yana goge hannu, Doolan ya tare shi tun a bakin ƙofa, ya ce sha biyu da sha tara, amma kada ya sake kiran mutumin can.

"Wane mutum?"

"Bari, mutumina. Ba yau aka haife ni ba."

Mai Takwas ya sa hannu da sauri, don kada ya farka ya ga mafarki ne.

Da yamma Doolan na gidan rediyo yana gaya wa duk birni cewa ya sayi doki da kuɗin jaki, har mai dokin ya ruga bayi don firgita. Mai Takwas na cikin mota da matarsa da surukarsa lokacin da aka watsa maganar. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Ranar Laraba ya je aski, wanzaminsa ya raɗa masa cewa an ce Mai Biyar ma ya sa wa Tate ido. Wanzamin daga ƙanin matarsa ya ji, mai gadi a gidan rediyo. Mai gadin kuwa daga wani baƙo mai jan fuska da kwat ruwan toka ya ji, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ranar Litinin yana cewa yaro irin wannan ko Mai Biyar ya gan shi sai ya haɗiyi yawu. Doolan bai gane kwat ɗinsa a cikin labarin ba. Ya zabura ya fita da kumfa a rabin haɓa.

Mai Biyar dawowarsa ke nan daga wurin likitan haƙori, an cire masa turmi, baki cike da auduga. Sakatariyarsa ta so ta faɗa, Doolan ya wuce ta kamar bai ga mutum ba. Ya zauna, ya ce takwas da talatin. Mai Biyar ya dafe kunci ya yi shiru. Doolan ya san wannan shirun, shirun raini ne, ya sha ganinsa a wurin masu sayen mota. Ya ce to, takwas da ashirin da uku. Zogi ya taso wa Mai Biyar, ya rufe ido. Doolan ya goge zufa, ya ce takwas da ashirin da uku da talatin, kuma ko uban da ya haife shi ba zai ƙara masa ba. Mutumin ya yi nishi, ya miƙa hannu ya ɗauki biro don ya rubuta masa ya dawo gobe. Da ya kalli takardar da aka turo gabansa, sai ya fasa rubuta goben, ya rattaba hannu.

A rediyo Doolan ya ce ya ɗaure Mai Biyar tamau, ko uffan bai iya cewa ba, har yawu na zubo masa.

Stav ya shigo ofis da safe da takardarsa ta samari huɗu. Ya tsaya a gaban tebur ya soke suna uku da fensir, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Lambobin nan da kake zubarwa ba ƙasa suke faɗawa ba, Clarrie. Hannun mutane suke faɗawa, mutanen da kake zagi a rediyo."

"Mai hawan tsani ba ya ƙirga matakalar da ya bari a baya, baba."

"Haka ne. Sai ranar saukowa."

Doolan ya ce ya lura tsufa ya fara sa Stav tsoron inuwarsa, ya ba shi shawara ya ɗauki hutu.

A ƙetaren kogi kuwa, mai kula da zaɓen Kadoji wata mace ce, Bronwyn Teale, wadda ba ta zuwa rediyo. Da 'yan jarida suka tare ta a wurin ajiye motoci suka tambaye ta ko ta haƙura da Tate, sai ta ce yaro ɗansu ne, a bari ranar ta zo. Aka buga hotonta tana murmushi. Doolan ya yanke hoton ya ajiye a gabansa, ya wuni yana kallonsa. Me ya sa mai lambobi biyu ramammu za ta yi murmushi? Kafin a tashi aiki ya yanke hukunci cewa biyar ba ta isa ba. Dole ya hau inda ko da tsani ba za ta taɓo shi ba.

Mai Ɗaya ya ƙi ɗaga waya, don su sun daɗe da zaɓen nasu yaron. Mai Biyu kuwa ya ɗaga tun a ƙara ta farko. Labarin bayi da na haƙori sun riga sun zagaye duk ofisoshi, saboda haka da Doolan ya iso, mutumin ya harɗe hannu a ƙirji ya ƙura wa silin ido da gangan. Doolan ya ce biyar, da lambar Jiminu ta zagayen farko ta baɗi. A ransa ya ce wannan kyauta ce ta banza, don baɗi da Tate a fili Jiminu ce zakara, lambarta na can wutsiya. Mai Biyu ya ci gaba da ƙirga fitilun silin. Doolan ya laluba aljihu bai ji saura ba. Sai bakinsa, wanda bai taɓa jiran izininsa ba, ya ce, da Raƙumi.

Mai Biyu ya sauko da idonsa daga sama.

Raƙumi shi ne Fergus Amory, dogonmu, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana tashi sama a tsakiyar fili yana doko wa 'yan'uwansa ƙwallo. Rabin yaran Merrinvale lambarsa ce a bayan rigarsu. Ba a musayar ɗan wasa sai da yardarsa, don haka ranar Lahadi Doolan ya same shi a bayan gida yana gasa wa 'ya'yansa nama. Ya ce masa ƙungiyar can ta nace, har da roƙo, kuma iskar bakin teku za ta yi wa gwiwarsa kyau. Raƙumi ya tambaya ko Madam ta sani. Doolan ya ce komai a hannunsa ta bari.

"In gida ba ya so na, ba zan roƙa ba," in ji Raƙumi. Ya juya naman, ya raba wa yara da matarsa da karensu. Doolan ya tsaya da faranti a hannu har ya gane ba za a zuba masa ba, ya ajiye.

Wannan karon ma sai da ya je rediyo. Ya ce ya sauke wa Jiminu tsohon raƙumi mai ciwon gwiwa, ya ɗauko lamba ta biyu.

Unguwa ta kama da wuta. Aka wayi gari an ɗaura mayafan wuya na ƙungiya a ƙofar filin wasa kamar an yi rasuwa. Mai shagon jarida ya riƙa miƙa masa canji ba ya kallonsa. Tsohuwa Beryl maƙwabciyarsa, wadda ta shekara hamsin da ɗaya da katin ƙungiya, tana ba furanni ruwa ya fito, sai tiyo ya kuɓuce mata ta kan shinge ya jiƙa shi daga wuya har takalmi. Ta ce hannu ne ya tsufa, ko zai musanya mata shi da sabo?

A gida matarsa Glenys, wadda hoton Raƙumi ke manne a firjinta, ta ajiye masa abincin dare ta zauna tana saƙa. Ya ɗaga murfi ya ga dankali guda ɗaya, ƙato, shi kaɗai a tsakiyar faranti. Ya tambayi ina nama.

"Na ba Beryl. Da wake, da romo, da naman gobe ma."

"A kan me?"

"A kan wannan. Shi ne na biyu a girma a duk buhunta. Ci mana, maigida, na sayi doki da kuɗin jaki."

Ya ci dankalin, don yunwa ba ta san zuciya ba. Yana ci yana gaya mata cewa duk waɗanda ke ɗaura mayafi yau su ne za su ɗauke shi a kafaɗa ranar zaɓe.

Ranar ta zo. Da yamma, rana ba ta faɗi ba, aka cika babban zaure, kowace ƙungiya da teburinta, iyayen samari a gefe sun sha ado, kyamarorin talabijin na yawo. A Merrinvale an kafa babban allo a ɗakin taro, Doolan ya sa an kawo masu busa ƙaho da wani makeken kek mai fuskar Tate Hollick. Madam ta dawo daga Malta da safen nan, ta zauna a teburin Jiminu da jakarta a cinya. Tun a filin jirgi ta ji labarin Raƙumi, kuma ba ta ce komai ba. Doolan ya ɗauki shirun nata a matsayin yabo. Stav na can ƙarshen tebur. Ya zo da takardarsa, Doolan ya ce ya mai da ita aljihu, mai suna ɗaya ba ya buƙatar takarda.

Mai Ɗaya ya kira nasa yaron, aka yi tafi. Aka ce Jiminu, lamba ta biyu, kuna da minti biyar. Doolan bai ci daƙiƙa biyar ba. Mai sanarwa ya karanta cewa Jiminu sun kira Tate Hollick, sauran jin ta bakin Kadoji. Doolan bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya zaro sabuwar rigar Jiminu daga leda, ya miƙe, ya ratsa tsakiyar zaure yana ɗaga wa kyamara hannu, ya nufi teburin iyalin Hollick. Ya tsaya a kan yaron ya ware rigar. Yaron ya kalli ubansa. Uban, mayafin Kadoji a wuya, ya kalli allo.

Allon ya ƙifta. Aka rubuta cewa an shigar da musaya: Mai Takwas ya ba Kadoji lamba ta sha tara, ya karɓi tasu ta baɗi. Ya sake ƙiftawa. Mai Biyar ya ba Kadoji ashirin da uku da talatin. Zaure ya ɗauki guna-guni, sannan wani a baya ya fashe da dariya. A ƙarshen teburin Jiminu, Stav na motsa leɓe yana karanta lambobin kamar mai kiran sunayen jikokinsa.

Mai sanarwa ya ce Kadoji sun zube sha tara, ashirin da uku, da talatin, nauyi ya cika, Tate Hollick ɗan Kadoji ne.

Bronwyn Teale ta taso da rigar Kadoji a hannu. Ta ce wa Doolan gafara, ya ɗan matsa. Bai matsa ba, sai ta zagaye shi ta saka wa yaron riga. Uwar yaron na kuka, uban na rungumar kowa, har Doolan ya rungume bisa kuskure. Duk ƙasar na kallo. A Merrinvale mai busa ƙaho ɗaya da bai fahimci abin da ya faru ba ya busa shi kaɗai, tsohuwa Beryl ta ƙwace ƙahon.

Sai aka ce Jiminu, layi ya dawo kanku, minti biyar.

Nan Doolan ya farfaɗo. Ya ruga teburinsa da riga a hammata, ya fizgi waya ya kira Mai Takwas, wai ko za a warware ciniki. Mai Takwas na tebur na uku daga nasu. Ya kalli wayar tana ƙara, ya kalli Doolan, ya nuna masa ƙofar bayi da yatsa. Ya kira Mai Biyar, wannan ya dafe kunci ya rufe ido. Saura minti biyu. Doolan ya laluba kansa yana neman sunan wani yaro ko guda ɗaya a duk faɗin ƙasar, bai samu komai ba sai Tate Hollick da ƙamshin gurasar nama.

"Stav, kira mana suna," in ji Madam.

Stav bai ko zaro takarda ba. Ya faɗi sunan wani mai tsaron baya daga garin Ballarat, aka shigar, aka yi tafi kaɗan. Ya ce yaron kirki ne, zai yi mana shekara goma. Ya ƙara da cewa dama shi ya ware wa sha biyu.

Madam ta buɗe tafin hannunta a kan tebur. Doolan ya fara bayani, cewa a ciniki akwai hawa akwai sauka, kuma in aka duba da idon basira. Hannun bai motsa ba. Ya zaro makullin ofis ya ajiye. Hannun bai rufe ba. Ya ajiye na mota.

Yana juyawa wani ɗan jarida ya cusa masa makirufo a baki. Shi kuwa Doolan bai taɓa ganin makirufo ya wuce ba. Ya gyara kwat, ya ce a faɗa masa, tun da aka kafa dokar gado, wa ya taɓa sa Kadoji suka zubar da lambobi uku rigis a kan ɗan cikinsu? Bronwyn Teale na wucewa a lokacin da yaron a gefenta. Ta tsaya.

"Gaskiya ne, mun zubar," in ji ta. "Naka ne, mutumina. Mun gode."

Taragon fasinja mai ratsa gari ya hau zuwa gida, rigar na leda. Da ya waiwaya sai ya ga taragon cike da magoya bayan Kadoji masu dawowa daga zauren. Ya ja kwalar kwat ya rufe fuska, amma fuskar da aka nuna wa ƙasa minti goma ba ta ɓoyuwa. Ya zaci duka. Sai wani ƙato ya tashi ya ba shi kujera. Wata tsohuwa ta sumbaci goshinsa, ta ce shekara arba'in tana bin Kadoji, ba ta ga wanda ya yi musu hidima irin tasa ba. Suka yi ta rera waƙar ƙungiyarsu da sunansa a ciki har tashar Merrinvale, suka sauko da shi a kafaɗa suka dire a ƙofar shagon jarida, mutanen unguwa na tsaye da kek a hannu suna kallo.

Kakar da ta biyo baya, ba Raƙumi a tsakiyar fili, ba sababbin samari sai guda ɗaya, Jiminu ta ci wasa biyu cikin ashirin da biyu, ta zo ta kashin baya. Lamba ta ɗaya ta faɗo mana karo na farko a tarihinmu. Sai dai ba tamu ba ce, tana aljihun Mai Biyu tun bara. Muna zaune a ɗakin taro muna kallo ya kira yaron da ya fi kowa da ita, Raƙumi da kansa ya saka masa riga.

Doolan ya koma bakin titi wurin motocinsa. Ran nan na bi ta can na same shi ya jingina da wata tsohuwar mota yana yi wa wani saurayi mai son saye bayani. Ya ce masa ya tambayi kowa a garin nan, shi Clarrie Doolan ba ya sayar da kayan banza. Ko lambar da ya sayar bara, da aka buɗe ta, ta ɗaya ce a duk ƙasar.

Ƙurunƙus kan ɗan kada. Ba don ina zaure a ranar ba, da ni ma na ce ƙarya ce.